Masarar Su Kuve

Ranar da su Kuve suka shigo gidanmu, a ƙarshen Oktoban 2014, ina zaune a ƙofar zaure ina ɓarar gyaɗa. A makon ne Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, Jimeta ta cika da mutanen da ba su san inda za su kwana ba. Sai ga a-kori-kurar Bappa Sani, ƙanin mahaifina, ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum ya fara saukowa da takalmi ƙafa ɗaya, sai matarsa da goyo, sai wata yarinya tsarata, ita ce Kuve, ƙafafunta a kumbure, ta rungume tukunya marar murfi. Bappa da kansa ya sauko da yarinyar, ya dire ta a gabana ya ce, "Hauwa, ga 'yar'uwa na kawo miki." Shekarata tara, kuma duk gidan babu wanda nake ƙauna kamar Bappa. Na ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta.

Mutanen Michika ne, Kiristoci. Sun gudu zuwa Mubi, gudun ya sake biyo su can, suka ratso daji da ƙafa har Bappa ya tsince su a bakin hanya. Kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, ya sa aka share musu ɗakin da muke ajiye buhunan masara. Da maƙwabta suka fara gunagunin cewa ba a san ko su wane ne ba, sai ya ce musu, "Ubana da jaki ɗaya ya zo ƙasar nan daga Katsina. Jauro, mai garin, ya nuna masa fili bai tambaye shi ɗan gidan wa ba. To ni wa zan kora?" Da damina ta kama, ya ɗauki Baba Zira, mahaifin Kuve, suka haye gada zuwa gonarmu ta Vinikilang. Ya yanka masa gefen da ke kusa da rafi, a gaban Bappa da mahaifina, ya ce, "Ka noma ka ci, har ranar da gida ya yi lafiya." Baba Zira ya gina ɗakuna biyu na laka a bakin gonar, suka koma can.

Shekarun da suka biyo baya su ne ƙuruciyata. Kuve ta ci gaba da kwana a gidanmu saboda makaranta, benci ɗaya muke zama, tabarma ɗaya muke kwanciya. Da safe mu share tsakar gida, mu ɗebo ruwa a famfon unguwa, mu ruga kafin a rufe ƙofar makaranta. Lokacin hutun tara a makaranta mu yi carafke a gindin darbejiya, kullum ita ke cinye ni. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta, ina yi mata dariya, har ranar da wasu dangi suka zo daga Katsina suka yi wa tawa Hausar irin wannan dariyar. Ranar Asabar Bappa ya kwashe mu zuwa gona, mu tsinki kuɓewa har hannu ya yi ƙaiƙayi, mu kori tsuntsaye da gwangwani, mu kama fara, uwar Kuve ta gasa mana ɗanyar masara. Da Sallah tare ake ɗaura mana lalle. Da Kirsimeti kuwa uwarta takan aiko da kajin tun jajibere Baba Tsoho ya yanka, don mu ma mu ci ba tare da tunanin komai ba.

Ina aji ɗaya na sakandare Baba Tsoho ya rasu. Baba Zira ya kwana uku a ƙofar gidanmu yana karɓar gaisuwa tare da 'ya'yan mamacin. A lokacin gari ya fara tsallaka kogi, masu neman filin gini sun fara zagayen Vinikilang, zaɓe kuma ya matso, Bappa yana son kujerar kansila. Zauren da Baba Tsoho ke karatu ya koma wurin taron samari. Ina kai musu ruwa na fara jin kalmomin da ban saba ji a gidanmu ba: 'yan ƙasa, baƙi, su da mu. Na ji Bappa yana cewa 'yan gudun hijira sun yi katin zaɓe a nan, in ba a tashi tsaye ba wata rana su za su zaɓa mana shugabanni. Ya ce tsofaffi sun rabar da ƙasa don neman lada, sun bar wa matasa zaman banza. Samarin suna ta gyaɗa kai, har da yayana Auwal, wanda ya gama makaranta ya rasa aiki. Gaskiya ne ba su da komai. Amma ba Baba Zira ne ya hana su ba.

Wata safiya, masara ta yi goyo saura kaɗan ta nuna, Baba Zira ya zo gidanmu. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Bappa, duk da cewa shi Baba Zira ya girme shi nesa ba kusa ba.

"Alhaji, na ga an kafa turaku a gona. Baba ya ce in noma har gida ya yi lafiya. Gidana har yanzu kango ne."

"Baba ya faɗa," in ji Bappa, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. "Baba kuma ya tafi."

"To a bar ni in cire masara."

"Masu sayen filin ba za su jira ba."

Mahaifina yana wajen, ya sunkuyar da kai. Washegari samarin zaure suka tafi da adduna. Ni da Kuve muka bi su a keke napep, muka tarar an riga an kwantar da rabin gonar. Auwal yana cikinsu, shi da ya sha cin tuwon uwar Kuve a wannan wurin. Kuve ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta tambaye ni, "Ke ma kin sani?" Na rantse mata ban sani ba. Ta ce to, ta shiga ɗaki taya uwarta ɗaure kaya. Da yamma na tare Bappa na tuna masa abin da ya ce da ni ranar da ya kawo ta. Ya yi dariya ya ce, "Ke yarinya ce, ba za ki gane siyasa ba."

Suka koma unguwar Yolde Pate wajen wani ɗan cocinsu. Bappa ya sayar da filin, ya kashe abin da ya samu a kamfe, bai ko ci zaɓen fid da gwani ba. Samarin da ya yi wa alkawarin aiki suna nan a bakin titi, har da Auwal.

Bara na shiga keke napep a unguwar Bekaji na tarar da Kuve a ciki, sanye da kayan 'yan makarantar jinya. Na kama hannunta ina ta zuba, ita kuwa ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta tambayi mutanen gida, ta sauka a kwanar gaba ba ta ba ni lambarta ba. Ban ga laifinta ba. Yanzu inda gonar take gidaje ne masu dogayen katangu. Ƙannenmu da ƙannenta suna zagin juna a waya kan addini da ƙabila, kowa yana cewa gabar ta samo asali tun kaka da kakanni. A gidanmu dai na san ba haka ba ne. Ina tsaye aka fara ta, kuma na san wanda ya fara.