Ragunan Baffa da iyakar sabar

A duk zuri'armu ni ne na karanta kwamfuta, don haka ni ne gwani, ko da kuwa ba wanda ya gwada ni. Ni na buɗe wa Baffana na Fakku shagon intanet don ragunan layyarsa. Mai saye yana son ya ga ido da kunne da tafiyar rago, kada ya yanka gurgu. Shi ya sa dole a ɗora bidiyo.

Matsalar ita ce Baffa ba ya ɗaukar bidiyon rago sai ya yi gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya da damina, ya yi salati, sannan ragon ya shigo. Sabar, wato injin da shagon ke zaune a kai, tana da iyakar girman abin da take karɓa, sai ta yi ta korar bidiyon.

Na ce ya rage gaisuwar. Ya ce, "Ƙaƙa za ni nuna ma mutum rago ban gaishe shi ba?"

Na san ƙa'ida sarai: ka ajiye kwafin fayil ɗin saiti, ka ɗaga iyaka kaɗan, ka gwada, ka duba ko injin zai iya ɗauka. Amma ai wannan aikin 'yan koyo ne. Ina zaune a Tambuwal da hantsi, na cire iyakar girma da ta lokaci gaba ɗaya, ban ajiye komai ba.

Baffa ya ji daɗi, ya turo bidiyo tara a tare. Sabar ta cika ta kwanta, saura kwana uku Sallah. Lambobin saitin farko kuwa na manta su. Kwana biyu na yi ina lalube.

Ƙananan ragunan, Baffa ya kai su kasuwa. Babban farin ragon da ya shekara biyu yana kiwo, wani ya yi alkawarin saye in ya ga tafiyarsa. Bai gani ba, ya sayi na wani.

Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Shi ya yanka ragon, ya aiko mini da cinya guda a babur, da saƙon cewa ladan aikina ne. Kunya ta hana ni cin ko tsoka ɗaya.