Amsar Baƙi

A ƙauyenmu, can tsakanin Dawakin Tofa da Ɗanbatta, amsa iri biyu gare mu. Akwai ta 'yan gida, akwai ta baƙi. Ta baƙin an tanade ta ne saboda masu bincike, mutanen nan da ke zuwa a farar mota, su zauna a zauren mai unguwa da takardu a cinya. Tun ina yarinya na haddace ta. Kuna tafasa ruwan sha? Kullum. Kuna kwana cikin gidan sauro? Har da rana ma. Alhali gidan sauron yana can lambu, an lulluɓe irin tumatir da shi saboda kaji. Baƙi su rubuta, su raba sabulu, su tafi suna murna, mu ma mu koma gida muna murna.

Da na girma na zama nas a ƙaramin asibitin garinmu, ni dai ba a taɓa ba ni amsar baƙi ba. Mace za ta shigo ta ja labule, ta faɗa mini abin da ko mijinta bai sani ba, jiƙon da ta sha, da ƙwayar da ta saya ranar kasuwa wajen mai magani a kwali. In yi faɗa, ta yi dariya, mu nemi mafita. A haka na yi digiri, na yi na biyu ina jigila zuwa Kano a motar haya, har aka zo maganar na uku.

Nan aka ce mini hanya biyu ce, in zaɓa. Ɗaya ta aiki, in ƙara ƙwarewa a bakin gadon majiyyaci, in dawo in gyara yadda ake jinya. Ɗaya ta bincike, in yi tambayoyi, in yi rubutu, in ƙare a jami'a ina koyarwa.

Kawuna, tsohon hedimasta ne da bai yarda ya yi ritaya daga ba da umarni ba, ya yanke hukunci tun kafin in rufe baki. "Bincike! Ke kin taɓa ganin farfesa riƙe da tasar fitsari?"

Mahaifiyata, Inna, tana gefe tana tsince wake. Tambaya ɗaya ta yi. "Su masu binciken nan, su ne masu farar mota?"

Na ce su ne, amma ni ai 'yar gida ce, nawa zai bambanta.

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ci gaba da wakenta.

Ba Kawu ne ya tura ni ba, ni ma ina so. Na gaji da tsayuwa, na gaji da asibitin da auduga ma sai an roƙa. Ina son ofis mai fanka da sunana a jikin ƙofa. Na zaɓi bincike, kuma na zaɓi batun da nake ganin ba wanda ya kai ni saninsa: me ya sa matan karkara ke ɓoye wa ma'aikatan lafiya ciwonsu. Malamina a jami'a ya yaba ƙwarai, ya ce ba kowa ke da irin damata ba.

Ranar da na dawo yin tambayoyi, sai na tarar mata sun jeru a zauren mai unguwa, kowacce da mayafin zuwa biki. Ta farko, wadda ni na karɓi haihuwarta ta fari, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe." Na tambaye ta ko ta taɓa shan magani ba tare da ta zo asibiti ba.

"Subhanallahi! Ni? Ko sau ɗaya."

"Haba baiwar Allah! Ni ce fa. Ba ni na ƙwace jiƙon daga hannunki ba?"

"Mun san ke ce, Malama. Rubuta kawai."

Haka suka bi layi, kowacce tsarkakakkiya. A takardata babu garin da ya kai namu lafiya a duk jihar Kano. Da za a tashi, wata tsohuwa ta tambaya a ina za a karɓi sabulun. Na ji haushi ƙwarai, amma a jami'a aka ce sakamakon yana da ban sha'awa.

Karatu ya riƙe ni a birni, zuwana gida ya koma jefi-jefi. Duk sanda na kira Inna, lafiya lau. In na zo, lafiya lau, ga fura a kwanon da ake fito wa baƙi da shi. Na ma lura tana sa safa cikin zafin bazara, na ɗauka sabon yayi ne na tsofaffi.

Wata ranar Asabar na biya tsohon asibitina in gaida nas ɗin da ta gaje ni. Muna cikin hira ta ce, "Alhamdulillahi, ƙafar Inna ta fara haɗewa. Sugan ne dai ya ƙi sauka."

"Wace ƙafa?"

Ta dube ni da mamaki. Ashe tun damina Inna ke zuwa wankin gyambo.

Ban san yadda na isa gida ba. Na durƙusa gabanta na zare safar da hannuna, na ga abin da na gani, hawaye ya zubo mini. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron.

"Inna, ni za ki ɓoye wa? Ni da na wanke ƙafar rabin garin nan?"

Ta janye ƙafarta a hankali, ta mayar da safar.

"Ba ɓoyewa na yi ba, 'yar nan. Ita yarinyar in na faɗa mata, wankewa take yi. Ke kuwa yanzu in na faɗa miki, rubutawa za ki yi."