Si Munji, Wanda Ya Hana Ni Kashe Kwamfuta

Ranar Laraba, biyar ga Fabrairu, ina tsakiyar darasi aka kira ni aka ce Allah ya karɓi ran Si Munji Shaabuni (Si a wurinmu kamar a ce Malam ne) a gidansa da ke birnin Safakus, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Si Munji, a hannunka na koyi aiki. Ina watannin gwaji a kamfaninmu aka ba ni rubuta direba, wato manhajar da ke haɗa kyamara da cibiyar tsarin kwamfuta, don injin tantance zaitun. Hotunan manya ne, sai na sa direban ya nemi makeken wuri guda a jere cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar. A ofis lafiya lau yake aiki. A matatar man zaitun kuwa, duk bayan kwana huɗu ko biyar sai injin ya tsaya, ga kaka ta kama, zaitun na lalacewa a buhuna. Manaja ya ce in mako ya cika ban gyara ba, in tattara kayana.

Na zo maka da dabarata: a riƙa kashe injin ana kunnawa kowace safiya. Ka ajiye kofin shayinka.

"To 'yata, mu ma in mun gaji sai a kashe mu a kunna? Yaushe rabonki da barin kwamfutarki ta kwana a kunne?"

Na ce kullum tana sabon kunnawa nake gwaji a kanta.

"Shi ya sa take miki ladabi," ka ce. "Zo ki gaida tsohuwa."

Tsohuwa wata kwamfuta ce a ƙarƙashin teburinka, wata bakwai ba a kashe ta ba. Muna ɗora direbana ya faɗi nan take. A nan ka nuna min cewa ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana aiki takan rarrabu gutsi-gutsi. Wuri yana nan da yawa, amma babu babba a haɗe, ni kuma ban ma sa direban ya duba ko an hana shi wurin ba. Ka ce in nemi ƙananan wurare, waɗanda ake kira shafuka, in jera adireshinsu in miƙa wa kyamara.

Layi ɗaya ba ka rubuta min ba. Kwana huɗu kana zaune gefena kana ɓare gyaɗa, in na kauce ka yi gyaran murya. Da manaja ya leƙo, ka ce masa, "Tana gyarawa. In za ka kore ta, haɗa da ni, ni na duba aikin na sa hannu."

Injin ya ƙare kakar bai sake tsayawa ba, ni kuma na shekara tara a kamfanin kafin na koma koyarwa. Ɗalibaina da ba su taɓa ganinka ba, goma sha ɗaya cikinsu sun bi gawarka.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Lalla Wasila da 'ya'yanku, Anis da Durra. Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.

Najwa Fakhfakh