Mai Lissafin Ƙwarin Gyaɗa

A tashar Sheme wani dogon mutum mai tabarau yana tsugune, gumi ya jiƙa masa riga, yana zana layuka masu lanƙwasa a ƙasa da tsinke. Ina jin malamin lissafi ne daga jami'a. Yana yi wa wani tsohon manomi bayani.

"Baba, in damina ta ɗan makara kaɗan, ƙwarin gyaɗa sai su ninka fiye da zato. Lissafina ya nuna. Na kai ofis, suka ce wa ke ta gyaɗa ga fetur?"

Tsohon ya ce, "To mu fetur za mu ci?"

Malamin ya miƙe, ya murje zanen da takalmi. Gonakin bayan tasha kuwa ganyensu ya riga ya fara naɗewa.