Asusunmu Ni da Malam

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ta tsakiya ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira, kada ta rubuta kukan.

Malam, mijina, manomin rani ne. Gonarsa tana bakin babbar hanyar ruwa, tsakanin ƙauyenmu da Bunkure. Shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Ni kuma turara shinkafa nake yi tun ina da ƙarfina: in sayi shanshera mai ɓawonta, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a tsakar gida, a kai inji. Shi da sana'arsa, ni da tawa, tukunya ɗaya.

Shekarar da takardun kuɗi suka yi wuya, masu sayen shinkafata suka daina zuwa da kuɗi a hannu. Kowa sai ya ce in kawo lambar asusu. Na ce a riƙa tura wa Malam. Ya ƙi.

“Kuɗinki naki ne,” in ji shi. “Idan suka shiga nawa zan saya wa injin ban ruwa mai da su, ran lahira ki tsare ni.”

“To ai sai in yafe maka.”

“Ke? Wadda har yau take tuna mini kwanon da na fasa muna amare?”

Haka muka tafi banki a Kura. Aka buɗe mini nawa, shi dama yana da nasa. Sai ya ce a ƙara na uku, na mu biyu, wanda za mu riƙa zubawa saboda taki da magani da abin da ba a fata. Ma'aikaciyar ta ce duk abin da ya shiga ko ya fita a wannan, wayoyinmu duka biyu za su yi ƙara. 'Yata ta saita mini wayar yadda babban yatsana yake buɗe ta. Ban san harafi ba, amma lamba na sani tun a kasuwa. Na haddace wuri a fuskar wayar: akwatin sama nawa ne, na ƙasa namu.

Akwai abin da ya dame mu a shekarun nan. Kunnen Malam ya yi nauyi, ƙarar injin ban ruwa ta cinye shi. Idan na kira shi a waya sai ya yi ta “Na'am? Wa ke magana?” har katina ya ƙare. Idan ya rubuto saƙo, ni ba na karantawa. Ga shi yana da hawan jini, ya taɓa faɗuwa a kan kunyar gona ba kowa kusa. Duk ranar da ya fita, hankalina yana gona.

Shi ya gano dabarar. Wata rana da hantsi wayata ta yi ƙarar banki. Na duba, ɗan abin da ya shiga akwatin ƙasa ko goro ba zai saya ba. Da ya dawo na tambaye shi.

“Sallama ce na yi miki,” ya ce. “Na isa lafiya ke nan. Ba ki amsa ba.”

Daga ranar muka mai da shi al'ada. Idan ya isa gona ya tura, ni ma in goge hannuna a zane in tura daga nawa zuwa namu, tasa ta girgiza a aljihu. Idan ya bi motar tumatir zuwa Garun Malam, da ya sauka zai tura. Ranar da muka yi faɗa na ƙi amsawa, sai ya yi ta turowa, wayar tana ta kuka a kan turmi har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, “Hajiya, yau ciniki ya buɗe ne?” Na yi dariya ba na so, na amsa masa. Da yamma ya shigo yana cewa fushina ya fi taki tsada.

Ranar da sabis ya ɗauke kuwa, ba na iya cin abinci sai na ji tarinsa a zaure.

Ba a gona ya rasu ba, Allah ya ji roƙona a nan. A ɗakinsa ya cika, bayan 'yar jinya, ana kwashe albasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na shiga takaba. Wayarsa tana kan taga a ɗakinsa, ni nake sa mata caji. Da hantsi ya yi, lokacin da ya saba isa gona, sai in ji hannuna yana neman tawa. In tura ɗan abin nan zuwa akwatin ƙasa, in ji tasa ta yi ƙara ta bayan bango. Na san ba mai amsawa. Ina yi ina kuka, gobe in sake.

'Yata ce ta lura. Ta zauna kusa da ni a tabarma ta ce, “Inna, asusun nan fa akwai haƙƙin magada a ciki. Kawu ya yi magana da liman, asusun nan kaɗai rabon gado yake jira. Ke kuma kullum kina ƙara cakuɗa naki da na Baba.”

Na ce, “Ku raba gonar, ku raba injin, ku bar mini wannan.”

“Ba kuɗin ba ne, Inna, na sani.”

Ba kuɗin ba ne. Ɗakinsa za a ba wani, gonar za a yanka ta. Wannan ne kaɗai wurin da ya rage da aka rubuta ni da shi a jere. Amma na san mutumin da na aura. Wanda ya ƙi taɓa kuɗin shinkafata saboda tsoron lahira ba zai so a riƙe na 'ya'yansa da sunansa ba, ko da ni ce mai riƙewar. Na yi kwanaki ina juya wannan. 'Ya'yan suka ce sun yarda a raba biyu, rabi nawa, rabi a sa a gado. Na ce to, idan na fita takaba.

Da na fita, muka hau mota zuwa Kura da takardun da aka ce a kawo. Wata ma'aikaciya ce daban, ba ta san mu ba. Ta yi mini gaisuwa da ladabi, ta ce kafin ta rufe sai na tabbatar da bakina cewa ni ce mai asusun. Na faɗi sunana. Ta ce, “Da sunan ɗayan, Mama.”

Tun ranar da aka kai ni gidansa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Malam nake cewa, ko maigidan. Ko yaron maƙwabta mai irin sunansa, laƙabi na sa masa. 'Yata ta buɗe baki za ta faɗa a madadina, na dafa gwiwarta.

Na faɗa, da nasa da na mahaifinsa. Ya fita duka. Ashe suna ne mai daɗi a baki, ban sani ba sai ran nan.

Ma'aikaciyar ta ce ya yi daidai. Ta miƙo mini ɗan gilashin ɗaukar zanen yatsa, na ɗora yatsana. A mota 'yata ta riƙe hannuna har gida.