Ƙasar da Mai Ciyawa Ya Kai Gwaji

Mai Ciyawa kowa ke kiransa, har matarsa idan ta so tsokana. Shekara talatin ke nan yana noman ciyawa a fili mai kadada biyu a bayan gidansa, ya yanka, ya shanya, ya ɗaure dami-dami ya jibge a rumfa saboda shanunsa shida. Mutum ne mai son a ga abinsa da kyau. Ko lauje zai ba da aro, sai ya wasa shi ya goge ƙotar tukuna.

To, shekara uku a jere ciyawar tana ja da baya. A da tana kai masa ƙugu, sai ta koma iya gwiwa, ga ta rawaya-rawaya. Bara ciyawar rumfa ta ƙare tun rani bai yi rabi ba. Matarsa ta ce in bana ma haka ne sai an sayar da shanu biyu, shi kuwa ya san jar saniyar da yake ji da ita ce za ta fara tafiya.

Da malamar gona ta yankinsu ta ce ya ɗebo ƙasar filin a kai ɗakin gwaji, sai hali ya motsa. Ya zaga filin ya ga ƙasar duk ta yi fari fat, abin kunya a kai wa masu ilimi. Sai ya nufi bakin kwamin ruwa a gefen filin, inda shanu ke kwanciya suna kashi shekara da shekaru. Ya ɗebo baƙa wuluk mai laushi, har da tankaɗe ta.

Bayan mako biyu malamar ta karanta masa sakamakon a ɗan ofishinta mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Takarda ta ce ƙasar ba ta rasa komai ba. Ya hau keke ya taka kamar saurayi, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya nuna masa takardar. Matarsa ta saurare shi har ya gama.

"To Malam, in ƙasar ta ƙoshi, ciyawar ce ke yajin cin abinci?"

Ita ma malamar abin bai kwanta mata ba. Ta zo har filin ta ce ya nuna mata inda ya ɗebo. Da ya kai ta bakin kwami, dariya ta ci ƙarfinta har ta dafa shinge.

"Baba, ai lafiyayyen ɗanka ka kai asibiti, ka bar mara lafiyan a gida."

Ya sosa ƙeya, sannan shi ma ya fashe da dariya. Nan take suka bi filin a karkace, nan da can, suka haƙa wuri ashirin zurfin tafin hannu, suka cakuɗa a bokiti ɗaya. Wannan karon ba a tankaɗe komai ba.

Takarda ta biyu ta faɗi gaskiya: kowace kadada tana son kilo arba'in da shida na sinadarin da ke sa ganye kore, wanda ake samu a takin yuriya. Mai Ciyawa ya ce ai buhu ɗaya ma da ragowa, tunda kilo hamsin ne. Malamar ta ce a'a, a cikin hamsin ɗin nan ashirin da uku ne kaɗai abincin ciyawa. Ta ɗauki biro, ya ce ta dakata masa. Ya fita ya tsinto tsakuwa, ya jera a kan teburin yana motsa baki. Can sai ya buga tebur.

"Buhu biyu a kadada, huɗu ke nan! 'Yata, na ci ko na faɗi?"

Ta ce ya ci, amma ya raba biyu: rabi in ruwa ya zauna, rabi bayan yankan farko.

Haka ya yi, ya ja igiya ya raba filin gida huɗu don kada wani gefe ya cinye rabon wani. Kowace safiya yana can da sanda yana gwada tsayi, yana ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani. A yanka na biyu rumfa ta cika har sai da ya ƙara mata jinka. Jar saniya tana nan a turkenta tana tuƙa. Takarda ta biyu tana aljihun rigarsa, ta farkon kuwa matarsa ta liƙa ta a jikin kwami.