Barandar Gwaggo

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi aikin girki a kicin ɗin wata makarantar kwana har ta yi ritaya, kuma hannunta bai taɓa koyon auna abincin mutum ɗaya ba. In ka ce mata kana jin yunwa, sai ta ɗora tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. In ka ce ka ƙoshi, ta dube ka kamar ka zagi iyayenta. A ƙasar wajen da danginmu suka yi zama, inda ƙanƙara ke sauka, tana zaune a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene wanda ba shi da lif, sai matattakala mai sa mutum ya tuna zunubansa kafin ya kai ƙofa. Ita kuwa, da gwiwarta mai ciwo, kullum sai ta sauka ta hau, tana cewa mu 'yan zamani ne ba mu da ƙashi.

Gidan ɗaki biyu ne da falo da ɗan ƙaramin kicin, amma yana da baranda, kuma a barandar nan mulkinta yake. Da zarar sanyi ya kama sosai, ruwa ya fara daskarewa a kwata, sai Gwaggo ta zare wayar firiji daga bango, ta wanke shi, ta mai da shi ma'ajiyar robobi. A ganinta rashin godiya ne Allah ya ba ka sanyi kyauta a waje, kai kuma ka kunna inji ya yi maka na jabu a ɗaki. Duk abin da ke son sanyi baranda yake komawa. Mijinta, wanda muke kira Baba Direba saboda bas ya tuƙa duk rayuwarsa, shi ya kafa mata katakai hawa-hawa a jikin bango. Nama yana can sama inda iska ta fi kaɗawa, miya a tsakiya, madara kusa da ƙofa don kada ta zama dutse. Masu hasashen yanayi na rediyo kuwa ba ta da lokacinsu. Gwiwarta take tambaya, in gwiwa ta ce za a yi ƙanƙara to magana ta ƙare.

Hutun ƙarshen shekara a gidanta ake taruwa, wannan ba abin tambaya ba ne. 'Ya'yanta da matansu da jikoki, da mu 'ya'yan ƙannenta, duk mu cika falon, rigunan sanyinmu su yi tsauni a kan gadonta, takalmanmu su jiƙe mata bakin ƙofa da narkakkiyar ƙanƙara. Tun kwanaki kafin ranar take girki, tana jera tukwane a baranda. Ranar jajibere kuma sai ta wanke gidan kaf, har da barandar, da bokitin ruwa da buroshi, don kada wata suruka ta leƙa ta ga datti ta samu abin kai wa danginta.

A nan ne ake yin faɗan shekara-shekara. Ƙofar barandar ta gilas ce, irin wadda ake turawa gefe, tana gudu a cikin wani siririn kwarmi na ƙarfe a ƙasa. Baba Direba yana da wani tsumma, ragowar tsohuwar rigar aikinsa, da ya rataye a ƙusa kusa da ƙofar. Gwaggo na ajiye bokiti, sai ya ɗauko tsumman, ya durƙusa da ƙyar, ya bi gindin ƙofar yana gogewa a hankali.

"Wato wankina bai yi maka ba," in ji ta. "Na ciyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru ba wanda ya yi ciwon ciki, sai yau direba zai koya mini tsabta."

"To," in ji shi, ya ci gaba da gogewa.

Shi dama bai cika kashe kalmomi ba. Na girma ina jin wannan "to" ɗin, ban taɓa jin ya ƙara mata ko harafi ba. Ya rasu bayan sanyi ya wuce, yana zaune a kujerarsa, ba tare da ya dami kowa ba. Gwaggo ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta fara samun kanta, abu na farko da ta fitar daga gidan shi ne tsumman nan. Ta ce Allah ya ji ƙansa, amma ko a can ba ya buƙatar wannan ƙazantar.

Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja tun yana ɗan firamare saboda son tsara rayuwar mutane, bai bari an gama karɓar gaisuwa ba ya fara kamfen. So yake Gwaggo ta bar benen ta koma gidansa. Ya ware mata ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, da hitar ɗumama ɗaki mai remot, ga firiji mai ƙofa biyu wanda matarsa ke gabatar wa baƙi kamar ɗan gida. Gwaggo ta ce ita ba kaya ba ce da za a ajiye a sito. Suka yi ta ja har sanyi ya sake kamawa. Wata rana ina wurin, na kawo mata magani, ya gaji ya ce:

"Mama, bari mu yi haka. Ga hutu nan tafe. In kin iya taron bana ke kaɗai, na yi shiru har abada. In ya gagara, ki tattara mu tafi, ba sauran musu."

Ta dube ni ta ce, "Ke ce shaida. Wannan yaron da na yi wa wanka a baho yana so ya gwada ni a kan girki."

Na ce na ji. Na san in ta bar gidan nan ta bar komai, don a can kaɗai take da abin da za ta ce nata ne.

Ta yi girkin da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Kaji, naman rago, kifi, shinkafa kala biyu, miya tukunya uku, har da kek da ta yi wa jikoki. Manaja ya ce zai aiko a taya ta, ta ce ya riƙe taimakonsa ya yi wa matarsa amfani. Ranar jajibere ta wanke gida, ta wanke baranda, ta rufe ƙofa, ta kira ni a waya tana murna cewa gwiwarta ta ce za a yi sanyin da ba a taɓa yi ba, abincinta zai kwana lafiya. Gwiwar ba ta yi ƙarya ba.

Da safe na riga kowa zuwa don in taya ta ɗumame. Titi ya yi fari fat, motoci na tafiya kamar masu jin kunya, iska na yanka kunne. Na same ta a falo, ta sa sabon zane, ta kama hannun ƙofar baranda da hannu biyu tana ja. Ƙofar ko gezau.

"Wasa take yi," in ji ta. "Zo ki kama."

Na kama, muka ja tare har kafaɗata ta yi ƙara. Na durƙusa na duba, sai na ga ruwan wankin jiya ya kwanta a cikin kwarmin, ya zama ƙanƙara tun daga wannan kusurwa har waccan, ya riƙe ƙofar gam. Ta bayan gilas ga tukwane nan a jere a kan katakai, kowace da murfinta, dusar ƙanƙara ta yi musu hula.

Kafin mu yi wata dabara aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Dangi suka yi ta shigowa suna haki, suna cewa sun ƙi karyawa don su bar wa abincin Gwaggo wuri. Nan take gidan ya cika da injiniyoyi. Wani ya kawo wuƙa ya karya mata baki. Wata suruka ta fito da injin busar da gashi daga jakarta, ta hura wa ƙofa iska har injin ya fara warin ƙonewa, ƙanƙarar da ke ta waje ba ta ma san ana yi ba. Manaja ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya ba da umarni a tafasa ruwa. Ya tsiyaya shi a gindin ƙofar cikin isa, ruwan ya bi ta ƙasa ya fita, ya daskare a kan na jiya, ya ƙara wa ƙofar ƙarfi. Ya ce dama gwaji ne.

Wani ya ce a fasa gilas ɗin kawai. Aka tuna cewa babu mai sa gilas da zai buɗe shago sai bayan hutu, kuma tsohuwa ba za ta kwana da iskar nan a falo ba. Aka buga wa mai kula da benen waya, ya ce yana garin surukansa, amma yana yi mana fatan alheri. Firiji kuwa da aka buɗe, robobi ne suka zubo.

Haka muka zauna, falo cike da mutane, muna shan shayi da burodin da aka samo a shagon ƙasa, muna kallon abincinmu ta gilas kamar talabijin. Jikoki suka manna hanci a jiki suna nuna kek. Matar Manaja ta ce, da muryar tausayi mai kyau, ai da a firiji aka sa da duk haka ba ta faru ba, nasu ma har ƙara yake yi in an bar shi a buɗe. Kowa kuwa ya ji.

Gwaggo tana kujerar marigayi, kofin shayinta ya huce a hannu. Ba tukwanen take kallo ba. Ƙusar nan take kallo, wadda babu komai a jikinta yanzu.

"Shekara nawa ina wanke barandar nan," ta ce a hankali, "ƙofar nan ba ta taɓa yi mini haka ba."

Ta juyo gare ni.

"Ruwan yake tsanewa, ko?"

Na ce, "Da alama, Gwaggo."

"Mutumin nan," in ji ta. "Baki gare shi fa. Me zai hana ya faɗa? Sai dai 'to'."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta zauna a gefen gado kusa da tsaunin rigunanmu, ta ja ƙofa. Na ji haushin kowa a ranar, har da marigayin, har da ni da na yi shekaru ina dariyar tsumman nan.

Manaja, don a yi masa adalci, bai ta da maganar a ranar ba. Ya jira har washegari. Gwaggo ba ta yi musu ba, ta ce alkawari ne kuma da shaida. Ƙofar ta buɗe da kanta bayan kwanaki, da rana ta ɗan leƙo, lokacin kowa ya koma aikinsa. Abincin bai yi komai ba, ko ɗanɗanonsa bai canza ba. Ta rarraba wa maƙwabta, ta bi su hawa-hawa da gwiwar nan, kowa na yaba mata, ba su san sallama take yi ba. Da aka zo kwashe kaya, katakan baranda aka bari, don Manaja ya ce ba su dace da fentin gidansa ba.

Yanzu a gidan Manaja ake taron hutu. Daga gidan abinci ake kawo komai a cikin kwalaye, da zafinsa, a kan lokaci, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Babu matattakala, babu jiƙaƙƙun takalma, akwai wurin rataye riga. Taron yana da tsari sosai, shi ya sa kafin a gama narkar da abinci kowa ya tuna yana da wani uzuri. Gwaggo ba a barinta ta shiga kicin, wai ta huta, ta yi wahala da yawa a rayuwa. Tana zaune a kujera mai laushi ana kawo mata faranti, tana godiya. Ni wannan godiyar ce ba na iya saurara.

A hutun da ya wuce, da na tashi tafiya, ta yafuto ni zuwa ɗakinta. Ɗakin da ɗumi kamar cikin burodi, remot ɗin hita yana kan tebur a cikin ledarsa. Ta rufe ƙofa, ta saurara ko akwai mai zuwa, sannan ta buɗe taga. A kan ɗan dakalin tagar ta waje, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, akwai ƙaramin kwano da murfi, ƙanƙara ta yi masa hula. Ta ce ranar da Manaja da matarsa suka fita sayayya ta lallaɓa kicin ta yi 'yar miya.

"Taki ce," in ji ta. "Tun shekaranjiya take nan, ba abin da ya same ta. Sa a jaka kada su gani."

Na karɓa, sanyin kwanon ya kama mini yatsu. Kafin ta rufe tagar sai ta zaro wani ɗan ƙyalle daga ƙarƙashin matashi, ta bi gindin tagar tana tsane ruwan a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ga ina kallonta.

"Me kike kallo?" ta ce.

Na ce, "Ba komai, Gwaggo."

"To," in ji ta, ta ci gaba da gogewa.